Wurin Zama a Kan Tanki

Shekarar da Baba ya sayo sabon babur ina da shekara takwas, ƙanena Sani yana da huɗu. A Masama muke, kusa da Gwandu. Tun zamanin kekensa ni ne ɗan gaba, don haka da aka shigo da babur ɗin da ledarsa, ban tsaya jiran gayyata ba, na haye kan tanki.

Ran Asabar za mu je Kalgo sunan ɗan goggonmu, shi ya sa Baba ya ɗauki kwana biyu yana gwada zama. Ya matsa baya, hannunsa bai kai daidai ba. Ya matso gaba, gwiwoyina na tokare kan babur. Ya ce in sunkuya, hulata ta daki haɓarsa. Daga ƙarshe ya sauke ƙafa ya ce, "Wanga yaro ya yi tsawo, ban ganin hanya. Koma baya." Ya ɗaga Sani ya ɗora a wurina, sai ka ce don shi aka ƙera tankin.

Kishi ya ci ni ƙwarai. Na ja Sani bayan rumbu na gaya masa cewa tanki cike yake da fetur, kuma in rana ta yi zafi da na gaba yake fara tashi. Yaro ya ce shi ya fasa zuwa, na ji sanyi a raina.

Ashe Inna, kakarmu, ta ji. Bayan tuwon magariba muka kewaye ta kamar kullum, tana ɓarar gyaɗa, hayaƙin da ta tura don sauro yana sa mu hawaye. Ta ce wata tatsuniya ta taho da ƙafarta, ko za mu ba ta wuri? Muka ce ta shigo.

Wai balbela ce ta daɗe tana bin saniya a ƙasa, tana ganin carki zaune a kan tozo yana shan iska. Ranar nan ta kore shi ta hau. Ga ƙafa zaƙo-zaƙo, ga wuya, ta rasa yadda za ta zauna. Ta karkata hagu, ta karkata dama, fiffikenta na rufe wa saniya ido, har saniya ta faɗa rami da su duka. Da balbela ta koma ƙasa tana ɗingishi, sai ta lura duk farar da kofaton saniya ya tayar, bakinta take faɗowa.

"Kun ji," in ji Inna, idonta a kan gyaɗarta, "na baya ma da rabonai. Amma wanda ad da kumburin baki bai iya cin fara."

Kowa ya juyo ya kalli bakina. Na ce ni dai ban ga wata fara a bayan babur ba, sai ƙura. Ta yi dariya har da tari, ta sa na je na ƙaryata kaina a gaban Sani. Ran Asabar shi ne a gaba yana danna oda, ni kuwa na yi Kalgo da dawowa ban ga komai ba sai bayan rigar Baba.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar nan dabarar rufe bakin yaro. Sai bara da na sayi nawa babur a Kalgo, inda nake koyarwa. Na yi mako ina neman zaman da ba zai sa mini ciwon baya ba, na gane dole 'yata babba ta bar wa ƙaninta tanki. Ta koma baya da baki kamar na balbela.

A hanya na fahimci abin da ba a gaya mini ba. Na gaba yana tsakanin hannuwanka, har mantawa kake da shi. Na baya ba ka ganinsa, don haka hankalinka duka yana can. Da muka zo gargada sai na ji hannuna ya kai baya da kansa, ya dafa gwiwarta, ita kuwa ta ture shi.

Nan na tuna Baba ya yi mini haka a kowane rami har Kalgo, ni ma turewa na yi ta yi. Yau shekara shida ke nan da rasuwarsa.