Harshen Goggo Zagorka

A ƙauyenmu, kusa da garin Leskobac, babu matar da ke rufe kwalaben aibar, miyar tattasan da muke ajiyewa don hunturu, sai Goggo Zagorka ta ɗanɗana. Ki gasa tattasai buhu uku, ki ɓare, ki niƙa, ki wuni kina juya shi da mai a kan wuta, duk da haka sai ta zo ta ce gishiri ya ji. Ladanta kwalba ɗaya. Shekara talatin ke nan, kuma ga baki: tun daga ƙofa take fara tsiya.

Shekara biyu da suka wuce bakin nan ya kama zafi, kamar ta kurɓi tafasasshen kofi. Likita ya leƙa, ya ce bai ga komai ba. Da safe da sauƙi, rana na yi harshe da leɓe su ɗau wuta, magana kuma ƙara hura ta take. Ta daina zama wuri ɗaya. Ta shiga, ta fita, ta tsotsi ƙanƙara, ta tofar. Gaisuwa ma da kai take amsawa, har wasu suka ce girman kai ne. Haushin masu faɗin haka nake ji har yau.

Bana ta zo gidana da yamma, tana ta zagaya tukunya. Maƙwabciyata Radojka ta ce, "Goggo, zauna mana, kin sa mu jiri! Ko surukarki ce ta ƙwace miki baki?"

 Goggo ta tsaya ta ga na zuba gishiri cokali biyu. Ba ta san mijina ya riga ya zuba nasa ba, ni ma sai da na lasa na gane, don har ya so ya yi yawa.

Ta ɗanɗana, ta daɗe, sannan ta ce, "Ƙara."

Gabana ya faɗi. Ashe cokula take ƙirgawa, ba ɗanɗano take ji ba. Cimar hunturunmu ce a tukunyar, amma na ɗebo gishirin. Ta dubi fuskata, ta cafke wuyan hannuna.

"Ajiye, Dobrila. Kada ki ɓata abincin 'ya'yanki saboda ni. Ɗanɗanon ƙarfe kawai nake ji a bakina."

Na cika mata kwalbar ladanta da zafinta. Ta bar ta a kan benci, ta fita.