Yayana da Malamin Asibitin Badariya

Shekara ta biyu da aurena muna haya a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, maigidana yana akawu a ma'aikatar gona. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, duk wani babban likita sai an je can. Katanga ɗaya ta raba mu da wani malamin asibiti mutumin Filato, Kirista, shi da matarsa mai sayar da kayan miya. Mutum ne gajere mai yawan dariya, Hausarsa daban da tamu, har matan unguwa suna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

A daminar shekarar nan ruwa ya cika Rima sosai. Wata safiya wani babban kwale-kwale ya ɗebi mutane daga wajen Argungu zuwa gonakin shinkafa na ƙetare, yawanci mata, ya kife a tsakiyar gulbi. Yayana masunci ne a Argungu, yana cikin waɗanda suka fara faɗawa ruwa. Sun ceto wasu da rai, sauran kuwa kwana uku suna nutso suna fito da su.

An yi ta sa masa albarka a gari. Amma daga ranar bai sake zuwa bakin gulbi ba. Ya daina cin kifi, tuwo ma sai an matsa masa, kuma ko ɗansa ya riƙe masa riga sai ya zabura. Innarmu ta karɓo rubutu, ta yi masa hayaƙi, da ta ga yana ƙara ramewa sai ta sa shi mota ta turo mana shi, ko canjin wuri zai taimaka.

A gidanmu ma wuni yake yi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya tasa hannuwansa yana kallo. Idan na kai masa abinci in tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya ce lafiya lau. Na gaji na je na roƙi maƙwabcinmu ya yi masa allura. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini tambayoyi, ya ce zai duba shi, amma in bar batun allura tukuna.

Washegari da ya taso aiki sai ga shi da wata tsohuwar raga duk ta yage, ban san inda ya samo ta ba. Ya gaishe da yayana, ya zauna a gefen tabarma, ya ce yana son ya koyi gyaran raga don idan ya yi ritaya. Ya kama ƙulle-ƙulle na ganganci. Yayana ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Malam, ba haka a kai ba. Kawo in gwada maka."

Haka suka riƙa zama kullum bayan la'asar. Malam bai taɓa tambayarsa komai game da jirgin ba. Labarin garinsu yake ba shi, da dankali, da duwatsu. Wata rana kuma ya ba shi labarin wani haɗarin mota da ya yi aikinsa yana sabon ma'aikaci, ya ce ya yi wata biyu ba ya iya shiga kasuwa ta wajen mahauta, har ya ɗauka hankalinsa ne ya taɓu.

A mako na uku ina tsintar shinkafa a zaure na ji yayana ya fara magana. Ashe a cikin jirgin akwai wata mata mai sayar masa da fura kowace safiya. Ya cim mata da rai, ya kama gefen zanenta, ruwa ya fizge ta, zanen ya rage a hannunsa. Shi ne kuma ya samo gawarta a rana ta biyu. Tun daga nan yake ganin shi ya sake ta.

Malam bai ce masa ya manta ba. Ya tambaye shi mutum nawa ya fitar kafin ya kai gare ta, da yadda hannuwansa suke a lokacin. Yayana ya ce hannuwan sun riga sun mutu da sanyi, ko yatsunsa ba ya ji. Ya yi kuka sosai, ni ma ina yi daga zaure, Malam kuma yana riƙe da ragar.

Bayan kwanaki yayana ya ce yana son ganin mahaifiyar matar, amma yana jin tsoro. Na raka shi Argungu. Mun sami tsohuwar tana sussukar gero tare da jikokin da aka bar mata. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ta ce tun ranar take neman wanda ya ga ɗiyarta a ƙarshe, kowa yana kauce mata.

"Ɗana, ta yi magana?"

"Salati takai, Inna."

Ta ɗora hannu a kansa. Ta ce da ba don shi ba, da ba ta san inda kabarin ɗiyarta yake ba. Ta hana mu tafiya sai da muka sha fura, kuma ta tsare shi har ya shanye.

Da labarin ya bazu, sai aka gane ba shi kaɗai ba ne. Wani cikin masu nutson ba ya barci, wani ya zama mai faɗa da iyalinsa, wata da aka ceto ba ta iya wanka sai an tsaya kusa da ita. Mazan suka fara haɗuwa ranar Juma'a bayan masallaci, kowa da ragarsa, limamin unguwa yana zama tare da su. Mata kuma suna taruwa a gidan tsohuwar. Malam yakan hau babur ɗinsa ya je Argungu duk ƙarshen wata, ya zauna ya ji. Mutum ɗaya ne Malam ya ce lallai sai ya ga likita a Sakkwato, kuma da kansa ya raka shi.

Yayana bai koma ruwa ba sai da rani, shi ma a bakin gaɓa ya fara. Rabin ƙarfinsa ya mayar ga noman albasa. Da Malam ya yi ritaya ya koma garinsu, yayana wanda bai taɓa wuce Sakkwato ba ya ɗaure kwandon busasshen kifi ya bi shi ziyara. Ya yi mako guda ya dawo yana cewa mutanen kirki ne, amma sanyin garin ba na ɗan Adam ba ne, rigar sanyin matar Malam aka ara masa, kuma da ita ya iso gida.