Motar Da Ta Kai Mu Garinsu Matata

Na sayi motoci a rayuwata, na sayar, wasu ko launinsu ba na tunawa. Amma akwai wata tsohuwar mota da na saya a Guangzhou wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina zaune a unguwar Dengfeng, ina turo wayoyi Kano. Matata Musulmar China ce, daga wani ƙauye can cikin duwatsun arewa maso yamma, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya lokacin sanyi. Muna da 'ya ɗaya da ta fara tafiya, kakarta, uwar matata, ba ta taɓa ɗaukar ta ba. Sai aka bugo waya cewa idon tsohuwar yana tafiya, likita ya ce abin da ya rage kaɗan ne. Ga shi hutun sabuwar shekararsu ya gabato, duk ƙasar ta tashi tafiya gida, tikitin jirgin ƙasa da na sama ya gagara. Na ce to, mota za mu saya, ta hannu, daidai aljihuna.

Na ɗauki abokina, wani Bamaraɗe da ke ji da kansa a sanin mota, muka nufi kasuwar motoci. Matata ta goya yarinya ta biyo mu, ban so ba. Muka yi abin da muka iya tun daga gida: a buɗe gaba a saurari inji, a daki taya da ƙafa, a danna baya a ga ko za ta jure ramuka. Daga nan abokina ya shige wata baƙar mota mai sheƙi, ya kunna na'urar sanyi ya ƙure ta.

"Alhaji, zo ka ji kilim! Wallahi kamar firij. Wannan ita ce mota."

Ni ma ta shiga raina. Har na fara hango kaina ina ajiye ta a bakin titin Xiaobei bayan sallar Juma'a, 'yan uwa suna leƙowa.

Da na waiwaya ban ga matata ba. Can na hango ta a ƙarshen layi, cikin wata mota mai tsayi, fentinta ya koɗe, kujerar baya a yage. Abokina ya ce, "Madam ta samo mana akwalar kai buhun gero kasuwa." Na yi dariya, Allah ya gani.

Ta riga ta tambayi mai motar ko tayoyin huɗu duka suna ja, ta sa ya fito mata da sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya. Sannan ta murɗa wani maɓalli da ni ban taɓa taɓawa ba tun da nake tuƙi. Iska mai zafi ta buso. A garin da gumi ke bin mutum har cikin masallaci, ta miƙa tafukanta biyu gaban wannan zafin. Sai na ga hawaye.

"Maigida," ta ce da 'yar Hausarta, "haka motar garinmu take wari. Babana yana kai ni makaranta, haka."

Shekara da shekaru ina damunta da kewar Kano, kewar tuwon mahaifiyata, kewar hirar ƙofar gida. Tana saurare tana ba ni haƙuri. Ni a wajena tana ƙasarsu, me za ta yi kewa? Ashe nisan da ke tsakaninta da gida ya fi na Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba, harshen garin ma ba nata ba ne.

Na kira mai motar yadda ake kiran mai kaya a can, na ce, "Laoban, rage mana." Ya ce babu ragi, ya ƙara da rantsuwa. Muka ja, muka ja, ya rage kaɗan, ya bar mana sarƙoƙin kyauta. Abokina bai daina mita ba har gida.

Muka yi kwanaki a hanya. Da muka fara hawan dutse, duniya ta zama fara fat, gefe guda rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Na yi ta salati. Ita ta fita ta durƙusa ta ɗaura sarƙoƙin da hannunta, tana nuna mini, fuskarta ta yi ja tana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Muka wuce motoci masu sheƙi a gefen hanya suna ta juya taya a wuri ɗaya. Tamu tana nishi tana hawa.

Da hantsi muka isa. Tsohuwar ta karɓi yarinyar, ta kasa ganin ta a cikin ɗaki, sai ta fito da ita tsakar gida inda hasken rana ke dukan ƙanƙara. Ta kawo fuskar yarinyar dab da tata, ta daɗe tana kallo. Sannan ta faɗi wata magana, matata ta fassara mini: "Ta ce ta gan ta. Ta ce goshinta irin nasu ne."

Kafin sanyi ya zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, bayan shekara biyu kuma Allah ya karɓi abarsa. Ba mu sake hawa dutsen nan tare ba. Ni da aka haifa a Fagge, yau ga ni ina kewar wani ƙauye mai ƙanƙara da na kwana a cikinsa sau ɗaya, ina kewar tsohuwar da ba mu taɓa jin yaren juna ba.

Abin da na koya shi ne, mai kewar gida yakan ɗauka shi kaɗai ne baƙo. Ka juya ka tambayi wanda ke kusa da kai ina ne nasa gidan, kuma wa yake jiran sa a can, tun da sauran idon da zai gan shi.