Na Danna Jan Maɓalli, Inji Ya Ƙi Tsayawa

Jama'a, Garba makaniki ya kusa raba ni da hannuna yau!

Ina tura auduga a bakin injin gurza nan Gusau, sai ƙarfe ya cafke hannun rigata. Ya fara ja na! Na kai wa jan maɓallin tsayarwa duka. Inji bai tsaya ba, ƙararrawa kawai ta yi ƙirrr! Na sake dannawa. Ƙirrr! Haƙoran ƙarfe sun kusa taɓa yatsuna. Salati kawai nake.

Isa ɗan Bunguɗu, abokin aikina, ya yi tsalle ya kashe wutar gaba ɗaya. Tsit!

Ashe jiya Garba ya canza wayoyin maɓallin. Yanzu in ka danna, wani akwati ke tare saƙon, ya buga ƙararrawa, ya bar inji yana aiki har sai audugar ciki ta gama fita.

Garba ya zo yana sosa ƙeya, wai, "Haba Malam Sani, tsayawar farat ɗaya ke cushe injin."

Na nuna mai yagaggiyar rigata, na ce, "Garba, gobe kai za ka tsaya nan. In ya kama ka, yi ihu. Ni ma sai na ƙare abin da nake yi kafin in zo."