Da Mun Bar Umma Ta Bi Layi

Ciwon Umma yana da lokacinsa. Da safe garau take, ta zagaya gidanmu na Nasarawa GRA tana yi wa mai ban-ruwan fulawa faɗa. Ana kiran la'asar sai ka ga ta dafe mara ta jawo kujera, ta ce kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Mu takwas ta haifa. Ƙawayenta suka ce sanyi ne. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka zauna a ruwan bagaruwa, shiru kake ji.

Lokacin ina karatun likita, ɗan abin da na sani ya kumbura mini kai. Ni na dage a kai ta asibiti a yi mata hoton mara. Da yake likitan abokin Baba ne, ina za a bar matar Alhaji ta bi layi? Tana idar da asuba na hana ta taɓa komai, na kwantar da ita a bayan mota, ƙarfe takwas ita ce ta farko. Muka wuce mata cike da baranda, 'yan Tudun Murtala da Tudun Wada, a tsaye da katinsu a hannu. Har wani daɗi nake ji a raina.

Aka kwantar da ita, aka shafa mata man nan mai sanyi, aka duba. Babu ƙari, babu komai. Sau uku muna zuwa, kullum da farar safiya, kullum a kwance.

A hanyar dawowa ta uku ce na faɗi maganar da har yau take cina.

"Umma, takarda dai ta ce lafiyarki ƙalau. Ko dai raki ne?"

Ba ta yi fushi ba. Ta dubi titi ta ce, "To, likita."

Daga ranar ba ta ƙara ambaton mara a gabana ba. Na dai lura ta koma yin la'asar da magariba a kan kujera, ita da ke yi wa ƙannenta tsiya cewa sallar zaune son jiki ne.

Yanzu aikin hoton nan shi nake yi. Akwai jijiyar da ke kwashe jini daga wajen ƙwan mace ta hau da shi sama. Idan haihuwa ta sassauta ta, sai jinin ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa a mara. Tsayuwa ke cika ta, kwanciya ta sauke. Shi ya sa irin waɗannan mata da yamma nake ganinsu, in ɗaga kan gadon ko in sa su tsaya, in ce su yi nishi kamar na haihuwa. Nan take launi ya juya a allon na'urar. Mukan ba ciwon mataki: na ɗaya idan jinin ya tsaya a jijiyar hagu, na biyu idan ya gangaro gefen mahaifa, na uku idan ya ƙetara dama.

Kwanan baya wata mai waina ta shigo mini, tun hantsi tana layi a tsaye. Mataki na uku, ɓaro-ɓaro. Na juya mata allon na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe dai ba ƙarya nake ba." Sai da na fita baranda na share ido kafin in iya rubuta mata takarda.

Umma ta rasu da wani ciwon daban. Kujerar sallarta tana nan a ɗakinta, na hana a fitar. Ina kewarta, kuma da la'asar abin ya fi taso mini. Yini ɗaya tak nake so a ba ni, ta wuni a tsaye tana faɗanta, ta bi layi kamar kowa. Ban san matakin da zan rubuta ba, ban ma damu ba. So nake in juya mata allon in ce, "Umma, ga shi nan, na gani."