Iliya da gwajin zare waya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar abokina Iliya, kuma har yau ɗalibai a Samaru suna saita kwamfutocinsu da aikin da ya fara. Da yawansu ba su san sunansa ba. Ni ba gwanin magana a taro ba ne, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Ajinmu ɗaya a jami'a, a sashen kwamfuta. Shi ɗan unguwar Jushi ne a Sabon Gari, kullum daga can yake zuwa a keke. Yawancinmu laftof na gwanjo muka saya a shagunan PZ, batirinsa ya daɗe da mutuwa. Kafin mutum ya fara koyon rubuta manhaja sai ya girka kayan aiki iri-iri, ya daidaita su. Ana tsakiyar haka a ɗauke wuta, komai ya dagule, a koma farko. Na ga waɗanda tun a nan gwiwarsu ta yi sanyi da karatun.

Sai Iliya ya rubuta sikirif, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, ya zuba shi tare da kayan a filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Wasu ma sun iya wannan. Abin da ya bambanta shi, gwajinsa ne. Duk wanda ya ƙara wani abu a sikirif ɗin, Iliya zai bari aiki ya yi nisa, sannan ya miƙa hannu ya zare wayar caji. Allo ya yi baƙi ƙirin.

"Haba Iliya, kai ne NEPA?" in ji Rifkatu, 'yar ajinmu, ranar da ya yi mata haka.

"Gara ni in ɗauke miki, Madam, ni ina dawowa da wuri. Kunna mu gani. In ya ci gaba daga inda ya tsaya, kin iya aiki."

Daga Haskell ya ɗauko ra'ayin, yaren rubuta manhaja da yake ƙauna ƙwarai. A can, kowane guntun aiki abin da ka ba shi kaɗai yake taɓawa, kuma ko sau nawa ka tambaye shi abu ɗaya, amsa ɗaya zai ba ka. Ya ce sikirif ma haka ya kamata: ko yaushe aka sake kunna shi, kada ya ɓata abin da ya riga ya gyaru.

Bayan rasuwarsa kula da sikirif ɗin ya faɗo hannuna. Kayan aiki suna canjawa, mu ma muna sauya yanki bayan yanki, har bana ya rage guda ɗaya tak da Iliya ya rubuta da kansa. Shi ma sababbin kwamfutoci suka daina karɓarsa. Na yi ta faci ina kewaye-kewaye, domin hannuna ya ƙi goge shi. Sababbin ɗalibai kuwa suna jira, aikin aji ya matso, rabinsu ba su da abin rubuta shi.

Rifkatu ce ta kira ni daga Kaduna, inda take aiki yanzu. "Sani, da Iliya yana nan da tuni ya goge, har ya yi maka tsiya."

Na goge, na rubuta sabo. Ranar Asabar muka taru da ɗaliban, muka ɗora shi a laftof ɗin wata sabuwar ɗaliba, shi ma mai mataccen batiri, kuma a gaban kowa na zare wayar. Sannan na mayar da ita. Da muka kunna, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kafin la'asar kowa ya tafi da kwamfutarsa a shirye.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da manhaja ke rubuta wa mutum sikirif kafin ya ƙifta ido. Ina jin zai yi murna, sannan ya gwada ta kamar yadda yake gwada mu.

Yanzu babu layi ko ɗaya nasa a ciki. Na je Jushi na faɗa wa mahaifiyarsa, ina inda-inda. Ta saurare ni har ƙarshe, ko da yake ba ta san sikirif ba.

"To yaran suna karatunsu?"

"Suna yi, Mama."

"Ai ba ka goge komai ba, ɗana. Zauna ka ci tuwo."