Gindin Lemun Kaka

Ina wanke moto a bakin gareji a Kwatano, tiyo a hannuna, ƙanwata ta kira ni daga Malanville. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, sai haƙuri, Kaka ta rasu bayan azahar." Na yi salati, na kashe waya. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai da mai wurin ya taɓa kafaɗata ya nuna mini ƙasa. Ruwan tiyo yana ta zuba, ya wuce ƙafafuna ya gangara titi. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, da Kaka ta ga wannan da ta yi faɗa.

Kaka ita ta haifi babana, kuma a ɗakinta na girma. Gidanmu yana bayan kasuwa, babana yana kai albasa kudu. A tsakar gidan akwai iccen lemun tsami guda ɗaya, da wani faffaɗan dutse a gindinsa wanda ƙafafu suka goge har ya yi santsi. A kan dutsen nan kowa yake alwala. Ba a yi a bakin ɗaki, ba a yi a zaure. Manoman albasa da suke zuwa daga Garou su kwana gidanmu ranar kasuwa, su ma ba ta ƙyale su ba. In baƙo ya tsuguna a wani wuri da buta, sai ka ji muryarta daga ƙofar ɗaki: "Baƙo, taso ka dawo nan. Icce na jiran rabonshi."

Ruwa ba ya aiki ɗaya a hannunta. Wanda aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke ƙore, daga nan ya tafi gindin lemu. Toka take sa wa tukunya, ledar da aka sayo abu a ciki ta ɗauraye ta shanya a igiya. In na ɗebi ruwa cikin randa na sha rabi, na juya zan watsar da saura, sai ta ce, "Kai mijina, ni ka aura ko gulbi ka aura? Kai mishi."

Wata maƙwabciyarmu Badandiya, 'yar asalin bakin gulbin, takan tsokane ta, ta ce gulbi yana kwance bayan gari amma tana auna ruwa kamar man gyaɗa. Kaka ta ce, "Gulbin da ƙafarshi yake shigowa gidanki? A kan ɗiyanki yake hawa." Su yi dariya su rabu. Sau ɗaya kawai Kaka ta taɓa faɗa mini dalili. Ta ce ita ba 'yar bakin ruwa ba ce, an haife ta can arewa da Gaya, a garin da rijiyarsa ta ƙafe wata shekara suka kwashe kaya suka bar shi. 

Da bazara, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, rijiyar unguwa ta koma taɓo, lemun nan yana nan kore shar. Ƙanshin ganyensa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ƙanshin gidanmu. Duk wanda zazzaɓi ya kama a unguwa, gidanmu ake aikowa a tsinki lemu. Ban taɓa ganin wani ya ɗauki bokiti ya ba shi ruwa ba. Mutanen gida suna salla sau biyar, shi kuma yana sha sau biyar.

Ni na ɓata wannan, kuma da niyyar alheri na ɓata. Bayan na fara samu a Kwatano na zo gida da damina, na ga Kaka ta zame a taɓon tsakar gida har ta gurɗe. Na kira magini. Aka shafe tsakar gidan da siminti, aka jawo pampo, aka karkata daɓen yadda duk ruwan da ya zuba zai bi rariya ya fita titi. Aka ɗauke dutsen, aka gina wurin alwala mai kyau kusa da pampo. Lemun aka bar masa ɗan fili a gindi, bai fi faifai ba. Unguwa ta yi ta sa mini albarka.

Kaka ta zagaya da sandarta ta duba. Ta ce, "Mijina, ka yi wa gida ado, Allah shi yi maka albarka. To lemun hwa?"

Na ce, "Kaka, ga pampo. Sai a ɗebo a zuba mishi."

Ta ce, "Wa za ya tuna?"

Na yi dariya, na koma Kwatano.

Ita ta riƙa tunawa. Takan ja ƙafa da butarta ta tsuguna a bakin ɗan filin nan ita kaɗai, sauran gida suna can wurin pampo. Da gwiwa ta hana ta fita, sai ta sa a ajiye mata roba a ɗaki ta yi alwala a ciki, ta ce a kai gindin lemu. Ƙanwata ta ce wani lokaci a kai, wani lokaci a juye a rariya don ta fi kusa. Ganye ya fara yin rawaya, reshe ɗaya ya bushe, wani ya bi shi.

Zuwana na ƙarshe tana da rai, ta riƙe hannuna ta ce in fasa simintin nan ko da taku biyu ne, in mai da dutsen. Na ce to, in na dawo da babbar Salla. Sallar ta zo ban zo ba.

Hanya tana da nisa, ko da na iso an rufe ta. Bayan addu'a ƙanwata ta ja ni gefe. Ta ce Kaka ta bar wasiyya ɗaya, a yi mata wanka kusa da lemu don ruwan ya shiga gindinsa. Matan da suka yi wankan sun cika mata, suka kafa zana suka yi a wurin. Amma babu inda za a haƙa rami, kuma daɓen a karkace yake. Ruwan ya bi hanyar da na sa aka yi masa, ya fita titi. Iccen ma ya riga ya mutu tun bazarar da ta wuce, ba wanda ya faɗa mata.

Yanzu in ka bi unguwarmu, ledar ruwa ce ta toshe kowace rariya. Pampon gidanmu yana ɗiga dare da rana, an ɗaure bakinsa da roba an bar shi. Daga kan gadar gulbi yashi nake gani a inda na san ruwa. A ɗakin da nake haya a Kwatano nakan tara ruwan alwala a kwano, sai in fito in tsaya da shi a hannu, don gidan duka siminti ne, babu abin da zai sha.

Kafin in bar Malanville bayan zaman makoki na sayi dashen lemu a gwangwanin tumatir, na aro guduma wurin maginin. Baffanina suka ce in dakata, ana maganar mai da tsakar gidan ma'ajiyar buhuna, kada in fasa abin da za a sake shafewa. Na mai da gudumar. Dashen na bar wa ƙanwata a bayan ɗaki, dutsen kuma na neme shi ban gan shi ba. Simintin yana nan, ban fasa ba.